TSIRAICI KO MAI DA MACE ABU? Sharhi kan wani ra'ayi na matantaka da matsalar fassara shi cikin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala tana bitar ra'ayin da masu fafutukar haƙƙin mata na Turai da Amurka suka gina game da yadda talla da kafofin watsa labarai suke mai da mace abu. Muna ƙoƙarin nuna cewa fassara ra'ayin da kalmar "tsiraici" tana karkatar da shi daga manufarsa. Sa'an nan muna kawo shawarar a auna al'amarin da ma'aunin lamiri, watau a duba wa ke magana, da wa ake magana, kuma a kan wa ake magana.

1. Gabatarwa

A darussan fassara mun sha ba ɗalibai jimlolin Faransanci masu ɗauke da kalmar chosification, ko kuma femme-objet, don su juya su cikin Hausa. Amsar da ta fi yawan fitowa ita ce "nuna tsiraicin mata" ko "zubar da mutuncin mata". Ɗaliban ba su yi ganganci ba, domin da waɗannan kalmomi ne gidajen radiyo da masu wa'azi suke tattauna zancen. Amma fassarar tana da illa: tana mai da tambaya game da matsayin mace ta koma tambaya game da tsawon zanenta. Manufarmu a nan ita ce mu bi diddigin ra'ayin a inda aka haife shi, mu nuna ƙarfinsa da rauninsa, sa'an nan mu gwada abin da kimiyyar harshe za ta iya ƙara masa. Za mu yi amfani da kalmar "matantaka" a madadin féminisme, kamar yadda wasu manazarta adabin Hausa suke yi.

2. Abin da masu ra'ayin suka ce

A watan Satumba na 1968 wasu mata suka yi zanga-zanga a ƙofar zauren gasar sarauniyar kyau ta Amurka, a garin Atlantic City. Cikin abubuwan da suka yi har da naɗa wa wata tunkiya kambin sarauta. Saƙon a fili yake ga duk wanda ya taɓa shiga kasuwar dabbobi: ana jera su, ana duba ƙira da cika, ana yanke daraja. Tun kafin wannan rana Simone de Beauvoir, a littafinta Le Deuxième Sexe (1949), ta bayyana cewa al'adar Turai ta ɗauki namiji a matsayin ma'auni, mace kuwa "ɗayar" ce, wadda ake bayyanawa ta hanyar kwatanta ta da shi.

A shekarun 1970 ra'ayin ya koma kan hoto. John Berger (1972) ya bi zanen Turawa na ƙarnoni da hotunan talla, ya nuna cewa ana tsara mace don mai kallo namiji, har ita kanta ta koyi kallon kanta da idonsa. Laura Mulvey (1975) ta yi irin wannan nazari a kan finafinan Hollywood: namiji ne ke tafiyar da labari, mace kuwa takan tsayar da labarin don a kalle ta, kuma idanu uku ne suke haɗuwa a kanta, na kyamara, na jarumi, da na ɗan kallo. Erving Goffman (1979) ya tattara ɗaruruwan hotunan talla ya fitar da alamomin da suke maimaituwa: mace ta fi zama ƙasa ko kwance, kanta a karkace, hannunta yana shafar kaya maimakon ya riƙe su riƙon aiki, hankalinta kamar ya tafi wani wuri. Ya kamata a lura tun yanzu cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan alamomi da ya dogara ga yawan sutura ko ƙarancinta.

A Faransa Colette Guillaumin (1978) ta kai zancen ga tattalin arziki. Ta ƙirƙiri kalmar sexage bisa tsarin kalmomin esclavage da servage, don ta nuna cewa abin da ake mallaka ya wuce hoton mace, ya haɗa da lokacinta da aikinta da jikinta gaba ɗaya. A Amurka kuwa Andrea Dworkin da Catharine MacKinnon suka ɗora alhakin a kan sana'ar hotuna da finafinan batsa, har suka rubuta daftarin doka wanda birnin Indianapolis ya zartar a 1984, kafin wata kotun tarayya ta soke shi a 1985.

Wadda ta tsara ma'anar kalmar dalla-dalla ita ce Martha Nussbaum (1995). Ta ce ɗaukar mutum a matsayin abu yana da fuskoki 7: (a) mai da shi kayan aiki don biyan buƙatar wani, (b) hana shi ikon yanke wa kansa shawara, (c) ɗaukarsa a matsayin wanda ba ya aikata komai, (d) ɗaukarsa abin musanya, wannan ko wancan duk ɗaya, (e) ɗaukarsa abin da ya halatta a keta ko a fasa, (f) ɗaukarsa abin mallaka, na saye da sayarwa, (g) watsi da abin da yake ji a ransa. Rae Langton (2009) ta ƙara guda 3: taƙaita mutum ga jikinsa, taƙaita shi ga kamanninsa, da toshe masa baki. Cikin waɗannan fuskoki 10, biyu ne kawai suke magana kai tsaye a kan jiki da kamanni. Sauran 8 suna magana ne a kan iko, da mallaka, da magana.

3. Raunin ra'ayin: fifita ido a kan kunne

Ƙarfin wannan ra'ayi ba ya ɓuya. Ya ba mutane kalmomin da za su bayyana abin da suke gani kullum ba su san sunansa ba, kuma ya canza wasu al'adun kasuwanci. Jaridar The Sun ta Ingila ta daina buga hoton mace ƙirji a buɗe a shafinta na 3 a 2015, bayan fiye da shekara 40 tana yi. Tun 2017 dokar Faransa ta wajabta a rubuta gargaɗi a jikin hoton tallar da aka rage ko aka ƙara ƙirar mai tallar da na'ura.

Sai dai akwai rauni da ya biyo ra'ayin tun daga tushensa. Da yake a kan zane da sinima da allon talla aka gina shi, ya saba tambayar "me ake gani?" fiye da tambayar "wa ya faɗa?". Oyèrónkẹ́ Oyěwùmí (1997) ta yi irin wannan suka ga ilimin Turawa baki ɗaya, inda ta ce ya fifita gani a kan sauran gaɓoɓin fahimta, shi ya sa yake karanta matsayin mutum a jikinsa. Illar fifita ido ita ce, maganin da ake kawowa shi ma na ido ne: a cire hoton, a rufe jikin, a kawar da macen daga fage. Ta haka ne masu matantaka sukan wayi gari a sahu ɗaya da mutanen da ba su yarda da ko ɗaya daga cikin manufofinsu ba. Dokar Indianapolis da muka ambata ta samu goyon bayan ƴan ra'ayin riƙau, waɗanda abin da ya dame su shi ne alfasha, ba daidaito tsakanin maza da mata ba.

Wani misali ya fi kusa da zamaninmu. A watan Janairu na 2018 hukumar gasar tseren motoci ta Formula 1 ta sanar da cewa ta daina tsayar da ƴan mata masu ado a gaban motoci kafin a tashi tsere. Masu matantaka da yawa sun yi maraba da matakin. Amma wasu daga cikin matan da suke wannan aiki sun fito fili sun koka cewa an raba su da abincinsu ba tare da an ji ta bakinsu ba. Ko da mutum ya yarda cewa al'adar ta cancanci a bar ta, dole ya lura cewa matakin da aka ɗauka don a daina taƙaita su ga kamanni ya faɗa cikin fuska ta (b) ta Nussbaum da fuska ta ƙarshe ta Langton. Nussbaum kanta ta yi gargaɗi cewa mahalli ne ke yanke hukunci, hoto shi kaɗai ba ya isa shaida. Abin da ba ta bayar ba shi ne ma'aunin da za a auna mahallin. A nan ne muke ganin masanin harshe yana da abin cewa.

4. Ma'aunin lamiri

Émile Benveniste, a maƙalarsa ta 1946 kan dangantakar lamirai cikin aikatau, ya fara ne da kalmomin malaman nahawun Larabci, waɗanda duk almajirin da ya yi karatun zaure ya sani: mutakallimi (mai magana), mukhaɗabi (wanda ake yi wa magana), da ga'ibi (wanda ba ya nan). Ya ce "ni" da "kai" ne kaɗai mutane a cikin zance, domin suna musanyar matsayi: wanda na kira "kai" zai amsa ya ce "ni". Lamiri na uku kuwa ba ya cikin wannan musanya, shi ya sa yake iya wakiltar mutum ko dutse ko tukunya. Bisa wannan, muna iya bayyana mai da mace abu da cewa: fitar da ita daga musanyar "ni" da "ke", a tsayar da ita a matsayin ga'iba, ko da tana tsaye a wurin.

Hausa tana da amfani wajen wannan gwaji, domin tana bambanta jinsi a lamiri na biyu (kai/ke, ka/ki), abin da tu na Faransanci ba ya yi. Jimlar tallar Hausa ba ta iya ɓoye wanda take nufi. Misalan da ke biye namu ne, mun gina su bisa tsarin da kowa ya saba ji a tallar man shafawa da makamantansa:

(1) a. Ki gyara fatarki, maigida ya yi alfahari da ke.
b. Ki yi haske, ki fita kunyar kishiya.

A zahiri mace ce mukhaɗaba a nan. Amma wannan "ke" ba ta juyuwa ta koma "ni". Aikatau ɗin umarni ne, amsar da ake jira kuwa saye ce. Mai yanke hukunci shi ne "maigida", wanda ba ya cikin zancen amma idonsa ne ma'auni. Wannan shi ne abin da Berger ya gani a zane, ya bayyana cikin ginin jimla, kuma ana iya watsa shi ta radiyo ba tare da an ga ko yatsar mace ba.

Misali na biyu ya shafi aikatau ɗan aji bakwai a tsarin Parsons (1960), watau mai ƙarewa da -u:

(2) a. Maƙeri ya ƙera wuƙa.
b. Wuƙa ta ƙeru.
c. Yarinyar nan ta ƙeru.

A (2b) "wuƙa" ta hau gurbin farko na jimla, amma ba ita ta yi aikin ba, a kanta aka yi shi, kuma an yi shi da kyau. Jimla ta (2c), da ƴar'uwarta "ta haɗu", yabo ne da aka aro daga maƙera da masana'anta. Darasin shi ne, zama a gaban jimla, ko a tsakiyar allon talla, ba ya nufin zama mai aikatawa. Dole mu yi hattara a nan: ana cewa saurayi ma "ya haɗu". Nahawu ba ya zaluntar kowa. Kayan aiki yake bayarwa, kuma ƙidayar da za ta nuna wa aka fi yi wa amfani da su aiki ne da ke jiran ɗalibanmu masu neman batun kundi.

Misali na uku daga ilimin ma'ana yake. Marina Yaguello, a Les mots et les femmes (1978), ta nuna yadda kalma guda ta Faransanci takan zama yabo ga namiji, zagi ga mace. Sanannen misali shi ne homme public da femme publique. Hausa tana da nata:

(3) a. likita mai zaman kansa
b. makaranta mai zaman kanta
c. mace mai zaman kanta

A (3a) da (3b) ma'anar ita ce rashin dogaro ga gwamnati ko wani ubangida. A (3c) sakaya ce ta karuwanci. Watau abin da Nussbaum ta kira ikon yanke wa kai shawara, idan aka jingina shi ga mace, sai ya zama tabo. Haka kalmar "mutunci": mutuncin namiji ya ƙunshi cika alkawari da gaskiya da riƙon amana, amma idan aka ce mace "ta zubar da mutuncinta" abu guda ake nufi. Shi ya sa fassarar ɗalibanmu ta biyu, "zubar da mutuncin mata", ita ma take komawa ga jiki, ko da yake tushen kalmar, "mutum", shi ne ainihin abin da ake nema.

Ma'aunin yana kuma hana mu wuce gona da iri. Baƙon manazarci da ya ji "sayen baki" zai yi tsammanin ya kama Bahaushe da hannu dumu-dumu yana cinikin mace. Amma al'adar ta ginu ne a kan cewa maganar amarya tana da daraja, ita da ƙawayenta ne suke riƙe da ita, abokan ango ne suke roƙo. Shirun da mutum ya zaɓa daban yake da bakin da aka toshe. Haka sadaki, a shari'a haƙƙin amarya ne ita kanta. Akwai kuma inda ma'aunin yake cin karo da wahala. A tallar kayan mata, wadda ta yawaita a WhatsApp da TikTok, mai magana sau da yawa mace ce, tana cewa "ni na gwada", alkawarin kuma shi ne mai saye ta mallake miji. A nan mace ce aikau, namiji karɓau. Duk da haka kayan aikinta jikinta ne, mai ba da maki kuma shi ne. Wannan ya yi kusa da abin da Fredrickson da Roberts (1997) suka bayyana, inda mace take ɗaukar idon mai kallo ta mai da shi nata. Lamirin "ni" sharaɗi ne, amma bai wadatar shi kaɗai ba.

5. Gwaji: Yamai da Maraɗi, Nuwamba 2000

Tarihin ƙasarmu ya ba mu misalin abin da ke faruwa idan aka daidaita "mai da mace abu" da "tsiraici". Mai zanen tufafi Alphadi ya kafa bikin nuna tufafin Afirka na duniya, FIMA, a 1998 a Tigidit cikin yankin Agadas. Karo na biyu an shirya shi a Yamai a watan Nuwamba na 2000. Wasu ƙungiyoyin addini suka yi zanga-zangar ƙin amincewa, suna masu cewa bikin yana yaɗa tsiraici da fasiƙanci. A Maraɗi zanga-zangar ta rikiɗe ta zama tarzoma: aka far wa mashaya da wuraren ibadar Kirista da gidajen matan da ake kira masu zaman kansu. Daga baya gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin. Barbara Cooper (2003), wadda ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta yi nazarin tarzomar, ta nuna yadda aka ɗora wa matan da ba su ƙarƙashin miji alhakin matsalolin gari.

Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yi hukunci kan sutura. Wannan batu ne na addini mai hujjojinsa da malamansa. Abin da ya shafe mu shi ne ginin zancen. Idan muka taƙaita matsayin ɓangarorin biyu da kalmominmu, za mu samu:

(4) a. Mu nuna wa duniya kyan matanmu da tufafinmu.
b. Mu kare matanmu daga tsiraici.

Aikatau ya bambanta, amma tsarin ɗaya ne: "mu" ne aikau, "matanmu" karɓau, da ɗafin mallaka a wutsiya. A jimlolin biyu mace ga'iba ce. Ba muna cewa babu macen da ta ga amfanin bikin ko wadda ta ƙi shi don imaninta ba. Muna cewa tsarin muhawarar bai tanadar musu gurbin mutakallimi ba.

Sa'an nan mu ɗauki jerin Nussbaum mu aza a kan abin da ya faru. Matan da aka far wa a Maraɗi suna nesa da dandalin bikin da fiye da kilomita 600. Ba su taka dandali ba, ba su ɗinka tufafin ba. An hukunta su ne a madadin wasu mata, watau fuska ta (d): wannan ko waccan duk ɗaya. An keta gidajensu, fuska ta (e). Ba a tambayi abin da ke ransu ba, fuska ta (g). Mai fassara da ya ce chosification "tsiraici" ce zai ga laifi a dandalin Yamai kaɗai. Ba zai sami kalmar da zai kira abin da aka yi a unguwannin Maraɗi ba, alhali a nan ne fuskokin suka fi cika.

6. Kammalawa

Mun ga cewa ra'ayin matantaka kan mai da mace abu ya fi faɗi a rubutun masu tsara shi fiye da yadda yake a bakin jama'a, kuma dogaronsa ga hoto ne ya buɗe ƙofar wannan ƙuntatawa, a Indianapolis kamar yadda ya faru a Maraɗi. Saboda haka muna ba masu fassara da masu tsara keɓaɓɓun kalmomi shawarwari uku. Na farko, a bar "tsiraici" ga nudité, kada a ba ta aikin da ba nata ba. Na biyu, a yi amfani da "mai da mace abu", ko "mai da mace haja" idan zancen ciniki ne. Inda ake buƙatar kalma guda, ana iya gwada "abuntarwa", bisa tsarin "zamanantarwa" da "Hausantarwa", ta zama kishiyar "mutuntawa". Masu magana da harshen ne za su karɓe ta ko su yar. Na uku, duk mai nazarin talla ko fim ko wa'azi ya fara da tambayoyin nan na nahawun zaure: wane ne mutakallimi, wane ne mukhaɗabi, wace ce ga'iba, kuma shin wadda aka ce wa "ke" tana da damar amsawa da "ni"?

Tambayar ta hau kanmu mu ma. Wannan maƙala, daga farkonta zuwa nan, da lamirin "ita" ta yi magana a kan mata. Gyaran wannan ba ya hannun marubuci guda. Yana buƙatar a naɗi maganar masu tallar da masu sayen da matan da tarzomar 2000 ta shafa, da bakinsu, a rubuta ta yadda suka faɗe ta, sa'an nan a sake auna abin da muka kawo a nan.